Waƙa ce ta lalata yaranmu, ko dama akwai abun da ta tarar a ƙasa?

Duk lokacin da wata sabuwar waƙa ta tashi gari, musamman irin wacce ake rawarta a TikTok, zancen ɗaya ne zaka ji tun daga masallaci har majalisar mai shayi har shirin rediyon da ake bugo waya: mawaƙan nan sun gama da tarbiyyar yaranmu, a kama su, a hana. Su kuma mawaƙan da masoyansu amsarsu bata canzawa, wai su nishaɗi suke bayarwa, wanda ya lalace dama can lalatacce ne, tarbiyya aikin iyaye ce ba aikin mai waƙa ba. Shekara da shekaru ana wannan ja-in-ja, kuma ni dai a ganina kowane ɓangare ya riƙe guntun gaskiya ya ƙi waiwayar ragowar. Abun yana damuna sosai sabida yaran da ake magana a kansu ƙannenmu ne da 'ya'yanmu, shi yasa nake so mu bi maganar a tsanake.

Bari mu fara da ita rap ɗin, gambarar zamani, tunda ita aka fi ɗora wa laifi. Mutane da yawa sun ɗauka a gidan rawa da sheƙe aya aka haife ta, alhali a unguwar talakawa ta tashi, unguwar Bronx dake birnin New York a Amurka. Ranar 11 ga Agusta 1973 wani matashi ɗan asalin Jamaika da ake kira DJ Kool Herc ya kunna faifai a wani ɗan taro da ƙanwarsa ta shirya a gidan hayar da suke zaune, ita burinta kawai ta samu kuɗin sayen kayan komawa makaranta, kuma wannan ranar ce yau ake lissafawa a matsayin ranar haihuwar hip hop, wato salon kiɗa da rawar da rap ta fito daga cikinsa. Bronx na wancan lokacin wuri ne da gwamnati ta juya wa baya, masana'antu sun tashi, babu aikin yi, birnin kansa ya kusa talaucewa a 1975, masu gidajen haya suna cinna wa gidajensu wuta don su karɓi kuɗin inshora, ga ƙungiyoyin 'yan daba a kowane lungu. Yaran baƙar fata da 'yan asalin Puerto Rico da basu da kuɗin sayen kayan kiɗa sai suka mayar da na'urar kunna faifai ta zama kayan kiɗansu, baki kuma ya zama makami, maimakon a fito da wuƙa sai a fito a gwada wa yafi iya magana da rawa. Wato a farkonta ma hanyar rage faɗa ce.

To ina aka samu matsala? An samu matsala ne lokacin da kuɗi ya shigo. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin 1990 manyan kamfanonin faifai suka gano cewa waƙar bindiga da ƙwaya da zagin mata tafi saurin fita kasuwa akan waƙar dake kuka da talauci da zaluncin 'yan sanda, kuma masu saye ba yaran unguwar talakawa kaɗai bane, har da 'ya'yan turawa masu hali dake zaune a unguwanni masu kwanciyar hankali suna jin daɗin labarin rayuwar da bazasu taɓa shiga ba. Sai kamfani ya zuba kuɗi a wannan ɓangaren, mai waƙar hankali ya koma gefe. Kuma ba wasa bane, an rasa rayuka, an harbe mawaƙin rap Tupac Shakur a Las Vegas a 1996 yana da shekara 25, bayan wata shida aka harbe wani mawaƙin rap ɗin, Notorious B.I.G., a Los Angeles yana da shekara 24.

Amma ga abun da masu cewa waƙa ce ke haifar da ta'asa basa son ji. A Amurka laifukan zubar da jini sun kai ƙololuwa wajen 1991, daga nan suka dinga sauka shekara bayan shekara har suka ragu da kusan rabi, kuma a daidai waɗannan shekarun ne waƙar rap take ƙara bunƙasa har ta kai a 2017 ita da kiɗan R&B suka zarce kiɗan rock suka zama abun da aka fi saurare a ƙasar. Da ace waƙar ce kai tsaye take sa yaro ya ɗauki bindiga ai da lissafin ba haka zai fita ba. Masu bincike sun daɗe suna ganin alaƙa tsakanin yawan sauraren waƙoƙin tashin hankali da batsa da kuma wasu halaye na matasa, har ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da gargaɗi akan haka a 2009, sai dai wahalar itace rabe wanne ya jawo wanne, shin waƙar ce ta canza yaron ko yaron da dama ya fara karkata ne yake neman waƙar data dace da halinsa. Kuma tasirin ba gefe ɗaya yake tafiya ba. A 2017 wani mawaƙin rap mai suna Logic ya saki waƙar da sunanta shine lambar wayar da masu tunanin kashe kansu suke kira don neman taimako, daga baya wani bincike da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2021 ya nuna kiran lambar ya ƙaru sosai a lokutan da waƙar take tashe, adadin masu kashe kansu kuma ya ɗan ragu. Kaga kenan waƙa tana taɓa mutum da gaske, duk mawaƙin da yace maka waƙarsa nishaɗi ce kawai bata da wani tasiri to bai faɗi gaskiya ba, don in tana iya sa mutum ya ɗaga waya ya nemi ceto ai tana iya sashi wani abun daban.

Yanda ni na fahimci abun shine, waƙa bata ƙirƙirar talauci ko zaman banza ko mutuwar aure ko makarantar da babu malami, waɗannan ta tarar dasu. Abun da take yi shine ta ɗauki abun da yake ɓoye a lungu ana jin kunyarsa ta wanke shi ta saka masa kaya masu kyau ta bashi suna mai daɗi, sai ya zama abun ado. Yaron da yake da uba a kansa da makaranta da sana'a zai ji ya yi rawa ya wuce. Wanda bashi da ko ɗaya a ciki, shi waƙar take zame wa malami.

Yanzu mu dawo gida, don mu Hausawa bamu da hujjar yin kaman yau muka fara jin waƙar da ta saɓa wa tarbiyya. Muna da Gambu da yayi suna da waƙar ɓarayi yana kiran sunayensu yana zuga su kafin daga baya ya sanar ya tuba. Muna da Kassu Zurmi da kiɗan 'yan tauri da mafarauta, kiɗan da in aka buga sai kaga ƙato ya zare wuƙa yana karta a cikinsa. Ɗan Anace ya zuga 'yan dambe har ana zubar da haƙora. Shi kansa Mamman Shata da muke alfahari dashi yana da waƙar da kowa ya san ta mashaya ce, kuma a waƙoƙin amada irin na su Barmani Choge akwai habaici da maganganun da mata suke yi tsakaninsu wanda in namiji yaji sai ya sunkuyar da kai. A ɗaya gefen kuma da waƙa Nana Asma'u ta karantar da mata ta hanyar 'Yan Taru, da waƙa 'yan NEPU irin su Gambo Hawaja suka wayar da kan talaka akan zaluncin da ake masa, Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya tsaya wa karen mota da sauran waɗanda ba'a ɗauka a bakin komai ba. Duka biyun muna dasu tun tale-tale.

Abun da ya canza, kuma nan ne nake ganin zuciyar maganar take, shine a da kowace waƙa tana da mazauninta. Waƙar mashaya tana gidan giya da otal, sai ka taka da ƙafarka kaje zaka jita. Amada tana cikin gida tsakanin mata ranar biki ko suna, an kori yara da maza. Kiɗan tauri yana da ranarsa da filinsa. Waƙar fada tana fada. Akwai katanga tsakanin abun da babba yake ji da abun da yaro yake ji, kuma ba hukuma ce ta gina katangar ba, yanayin rayuwar ne kawai. Rediyo da kaset suka fara huda ta, amma ko a lokacin rediyon ɗaya ce a gida kuma a hannun maigida take. Waya ita ce ta rushe ta gaba ɗaya.

Duk wanda ya halarci bikin aure a 'yan shekarun nan ya ga abun da nake nufi. An kafa rumfa a ƙofar gida, DJ ya jera manyan sifiku, ya saki waƙar da baitinta in ka cire kiɗan ka karanta shi a gaban mahaifiyarka bazaka iya ƙarasawa ba. Sai ga yarinya 'yar shekara biyar da lallenta da ɗan kwalinta ta shiga fili tana juya jiki daidai yanda ta gani a waya, tana bin baitin kalma bayan kalma ba tuntuɓe, ita bata san ma'anar ko ɗaya ba. Su waye a zagaye da ita? Gwaggonninta da yayyenta ne, suna shewa suna liƙa mata 'yan hamsin-hamsin a goshi, mutum uku sun ɗaga waya suna ɗauka don su saka a status. Wannan yarinyar ta koyi darasi a ranar wanda babu malamin Islamiyyar da zai goge shi cikin sauƙi, ta koyi cewa wannan ne abun da in tayi manya zasu yi mata tafi su bata kuɗi. Gobe kuma cikin masu shewar nan wata zata rubuta a Facebook cewa mawaƙa sun lalata al'umma. In ɓera da sata to daddawa ma da wari.

Kuma hanyar da waƙar take bi ta iso kunne ita ma ta canza irin waƙar da ake yi. Zamanin da ake zuwa kasuwar waya irin Farm Centre a Kano a miƙa memori wa masu tura waƙa su cika maka, ko a tura ta Bluetooth daga waya zuwa waya, aƙalla mutum ne yake zaɓa, kace samin ta wane banda ta wane. Yanzu na'ura ce take zaɓa maka. TikTok da YouTube basu san halal ba basu san haram ba, abun da suke aunawa shine daƙiƙa nawa ka tsaya kana kallo, ka maimaita ko baka maimaita ba, ka tura wa wani ko ka yi sharhi. Wanda ya tsaya ya zagi bidiyon da wanda ya tsaya ya yaba duk ɗaya suke a wajen na'urar, duka sun tsaya. Shi yasa duk ranar da aka yi caa akan wata waƙa ana tsine mata ana turawa a guruf-guruf ana cewa ku kalli abun da ake yi, to a ranar ake ƙara mata kasuwa. Mawaƙan sun gane wannan sarai. Yaro zai zauna a situdiyo ba tunanin waƙar minti biyar mai ma'ana yake ba, tunaninsa wane daƙiƙa goma sha biyar ne zai sa a yi rawa a kuma yi surutu, in an samu kalma ɗaya mai harshen damo wacce za'a yi rigima a kanta to an gama. Ba wai basu iya waƙar hankali bane, da yawansu sun iya, sun gwada ne suka ga ba'a kallo.

Maganar ƙwaya ita ce inda nake ganin hannun waƙa a fili. Shan maganin tari mai kodin a haɗa da lemo ya daɗe a cikin waƙoƙin rap na birnin Houston, har ya kashe wasu daga cikin manyan masu yinsa, DJ Screw ya mutu a shekarar 2000 da kodin a jininsa, a 2019 kuma Juice WRLD ya mutu yana da shekara 21 sanadin haɗa ƙwayoyi da kodin. Kofin roba a hannu ya zama ado a bidiyo, daga can ya shigo bidiyoyin Legas. A nan Najeriya kowa ya tuna 2018 da BBC ta fitar da binciken ta akan kodin, washegari gwamnati ta hana shigowa dashi da haɗa shi, kuma kafin nan majalisar dattawa ta taɓa cewa ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa kaɗai. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa tayi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suke ta'ammali da ƙwaya a ƙasar, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A wannan shekarar ne hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta hana saka wata waƙar mawaƙin Legas Olamide akan haɗe-haɗen ƙwaya, shi yace gargaɗi yake yi, amma a titi rawa ake da ita ba gargaɗi ake ji ba. Sai dai ko a nan ɗin ma a yi adalci, matar auren dake cikin gida a Kano tana shan kwalba a ɓoye ba Olamide take ji ba, baƙin cikin zaman aure ne ko kishiya ko ƙawa ta koya mata, kuma kwalbar ba mawaƙi ne ya kawo ta kasuwa ba, daga kamfani ta fito ta bi ta hannun dillalai masu lasisi. Waƙa ta cire wa abun kunya a wajen samari, amma wasu ne suka cika kwali suka loda a mota.

Ni abun da yafi bani tsoro ma ba batsar bace, duk da ita aka fi yi wa ihu. Saƙon kuɗi ne. Ka saurari waƙoƙin da suke tashe na kudu dana arewa ka ƙirga sau nawa ake nuna cewa mutum ba komai bane sai yana da kuɗi, talaka abun dariya ne, maƙiya suna baƙin ciki don na hau mota, kuma babu inda ake tambayar ta ina kuɗin ya fito. A kudu har kirari ake wa 'yan yahoo ana kiran sunayensu a waƙa. Yaron da ya gama sakandare ko ma jami'a yana zaune ba aiki, ubansa ya shekara talatin yana aikin gwamnati ko fansho an hana shi, sai ya buɗe waya yaga sa'ansa yana watsa kuɗi a bidiyo, galibi ma motar haya ce aka ɗauko na awa biyu gidan kuma na wani ne, amma shi bai sani ba. Wannan yana cin zuciya a hankali ba tare da kowa ya lura ba sabida babu kalmar batsa a ciki da za'a kai ƙara. Kuma mu a arewa mun ga inda abun yake iya kaiwa, waƙar yabon Bello Turji tayi ta yawo a wayoyin mutane a daidai lokacin da ake binne waɗanda aka kashe a Zamfara da Sokoto, 'yan bindiga suna fitowa a TikTok suna baje kuɗin fansa matasa suna tura musu lambar akawu. Wannan ba daga Amurka aka kawo mana shi ba, jikan waƙar Gambu ne ya samu waya.

Ga kuma yanda ake siffanta mace. A waƙar soyayya ta Hausa an iya yabo, amma ka lura kusan kullum yabon fari ne da diri da ido, ita kuma a wasu waƙoƙin sai ta fito a matsayin mayaudariya mai son abun duniya. Yarinya tana tasowa tana jin cewa darajarta a fatarta take, ba mamaki man bilicin yake da kasuwa haka.

To me hukuma tayi? Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, kuma an gwada ƙarfi sosai musamman daga 2007 zamanin da Abubakar Rabo yake shugabantar hukumar. An ɗaure Adam A. Zango a 2007 akan wani kundin bidiyon waƙa da aka ce bai bi ta hukumar ba, an kama Aminu Ala a 2009, a wannan shekarar kuma kotu ta haramta waƙoƙi 11 a lokaci ɗaya. Abun lura shine da yawa daga cikin waɗancan waƙoƙin ba na batsa bane, na sukar hukumar ne da gwamnati, cikinsu har da ta Nazir Hausawa wanda ake kira Ziriums, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara rap da Hausa a Kano. Kuma haramcin bai hana komai ba, waƙoƙin suka bi Bluetooth suka shiga kowace waya, wanda bai taɓa jinsu ba ma sai da ya nema. A 2016 MOPPAN, ƙungiyar masu shirya fina-finai, ta kori Rahama Sadau sabida fitowa a bidiyon waƙar ClassiQ, sunanta sai ya ƙara nisa har ƙasashen waje. A 2022 wasu lauyoyi suka kai ƙarar wasu mawaƙa da 'yan TikTok kotun shari'ar Musulunci, an yi ta kama wasu ana sakewa, yau ka buɗe TikTok ka gaya min ko an ragu. Ni bana cikin masu cewa a bar kowa yayi abun da yaga dama, al'umma tana da haƙƙin cewa wannan baza'a kunna shi a rediyo da rana tsaka ba, wannan baza'a kunna shi a taron da yara suke ba, kuma wannan iyakar ana iya tsare ta. Abun da nake tsoro shine duk sandar da aka bawa hukuma don ta daki mai batsa, ƙarshenta akan mai sukar gwamnati take sauka. Eedris Abdulkareem, wanda a Kano ya tashi, an hana saka waƙarsa a 2004 zamanin Obasanjo don yace ƙasa ta rikice, a 2025 NBC ta sake hana wata tasa akan tsadar rayuwa, alhali waƙoƙin da ake yabon 'yan damfara suna nan ana kunnawa.

Kuma kada haushin ɓarna yasa mu manta abun da wannan kiɗan yake iya yi in ya faɗa hannun masu kishi. A Senegal a 2011 mawaƙan rap na ƙungiyar Keur Gui, Thiat da Kilifeu, tare da ɗan jarida Fadel Barro suka kafa ƙungiyar fafutuka ta Y'en a Marre sabida sun gaji da ɗauke wuta, suka bi unguwa-unguwa da motocin haya suna waƙa suna sa matasa su yanki katin zaɓe, suna cikin waɗanda suka cika titi ranar 23 ga Yuni 2011 har shugaban ƙasa Abdoulaye Wade ya janye gyaran tsarin mulkin da yake so, a 2012 kuma ya faɗi zaɓe. A Burkina Faso mawaƙin rap Smockey da mawaƙin rege Sams'K Le Jah suka kafa irin wannan ƙungiyar mai suna Balai Citoyen a 2013, a ƙarshen Oktoban 2014 Blaise Compaoré ya sauka bayan shekara 27 akan mulki. A Nijar ƙungiyoyi irin su Kaidan Gaskiya sun yi rap da Hausa da Zabarmanci akan matsalolin talaka, a Nima ta birnin Accra 'yan VIP sun saka Hausar zango cikin kiɗan da duk Ghana ta yi rawarsa. Ko wannan kaɗai ba ƙaramin abu bane, yaron da da yake jin kunyar yin Hausa a gaban abokansa na makarantar kuɗi yau yana jera baiti da ita yana taƙama. Ga kuma abinci, ka zaga Zoo Road a Kano kaga yawan matasan da suke ci daga wannan harkar, mai haɗa kiɗa, mai kyamara, mai tace hoto, mai kwalliya, mai ɗinki.

Tambayar da ya kamata mu yi ita ce me yasa irin na Senegal bai cika fitowa a wajenmu ba, alhali muna da matsalolin da suka fi ɗauke wuta, kuma muna da masu basira. Amsar tana wajen wanda yake biya. Spotify tace ta biya mawaƙan Najeriya sama da naira biliyan 58 a 2024, amma mawaƙin Hausa masu sauraronsa galibi basa biyan kuɗin wata a irin waɗannan manhajoji, a kyauta suke saukewa ko a tura musu, kasuwar faifai ta mutu, satar fasaha kuma ba mai hukunta ta. To da me zai ci abinci? Hanyoyin da suka rage masa sune biki, da 'yan kuɗin YouTube da TikTok waɗanda sai da surutu ake samunsu, sai kuma babbar hanyar wato ɗan siyasa. Kowa yaga yanda waƙoƙin Dauda Kahutu Rarara suka yi aiki a zaɓen 2015, har tsofaffi a ƙauye sun haddace su, kuma kowa yaga yanda bayan zaɓen gwamna na 2023 aka cinna wa gidansa wuta a Kano, wanda hakan ba daidai bane ko kaɗan amma yana nuna maka irin zafin da waƙar siyasa take haifarwa a zukatan matasa. Kowace jam'iyya tana da nata mawaƙan, kuma aikin ba bayyana manufa bane, a wasa namu a yi wa nasu zambo a laƙaba masa sunan da zai bishi har kabari, sai a kunna a motar kamfen yara sun sha sun ƙoshi suna bin ta da makamai.

Ka ɗauki yaro mai basira a Kurna ko Tudun Wada ko Unguwar Rimi, ya tara kuɗin situdiyo da ƙyar daga facin waya ko tuƙin adaidaita. In yayi waƙa akan kuɗin makaranta da tsadar masara da 'yan'uwansa da aka sace a hanya, rediyo zata ji tsoron sakawa, babu mai gayyatarsa biki, wataƙila ma a neme shi a tambaye shi wa ya saka shi. In yayi ta rawa mai kalma ɗaya da za'a yi rigima akanta zai samu mabiya dubbai cikin sati. In yayi wa ɗan takara zai iya samun mota. Mu da muke cewa muna son waƙa mai ma'ana, nawa ne a cikinmu suka taɓa cire ko naira dubu suka saya, ko suka gayyaci irin wannan yaron taro suka biya shi, ko attajiranmu da suke liƙa miliyoyi a biki wanne ne ya ɗauki nauyin gasar waƙa a makarantun sakandare? Zaɓen 2027 yana matsowa, situdiyo zasu cika da aikin 'yan takara tun daga kansila har shugaban ƙasa, kuma yaran da suka fi kowa iya jera magana a arewa can zasu tafi sabida can ne kaɗai ake biyansu a hannu.